Ranar da Jirgin Clarrie Ya Ƙi Hawa Tirela

Ni na kira Gavin. Na faɗa masa a waya, ba wasa a muryata, cewa in ba zai zo ya ga ubansa da idonsa ba, to ya daina tambayata "ya jikin Baba" yana tauna abinci a kunnena. Na gaji. Wata da watanni ina ba shi labari yana ce min, "Haba Mama, tsufa ne kawai." Tsufa? Mutum ya ɗora butar roba ta lantarki a kan murhun gas, ya kunna wuta, ya koma ya miƙe ƙafa yana kallon talabijin har gida ya turnuƙe, a ce min tsufa ne? Ya tashi da safe ya saka rigar aiki wai zai tafi rumbun alkama, inda ya yi ritaya tun Gavin bai yi aure ba?

Abin haushin, mijina Clarrie ya iya baƙi. A gaban likita sai ka rantse shi ya raka ni. Zai gyara zama, ya yi barkwanci, ya tambayi likitan ko kifi yana kama ƙugiya a wajensu, likita ya yi dariya ya ce mu dawo bayan damina. A waya ma haka, ya ce wa Gavin "yaya zafin garinku Perth, yaya jikokina 'yan mata," ya miƙo min wayar kafin a kai ga tambayar da za ta kama shi. Ni kaɗai nake ganin sauran. Abu biyu nake so daga ɗana: ya karɓe makullin mota daga hannun ubansa, sannan ya zauna gaban likita ya ce abin da uwata take faɗa gaskiya ne. Clarrie bai taɓa jin maganata a kan mota ko jirgin ruwa ba, amma yana jin ta Gavin. In Gavin ya koma bai yarda ba, ni ce zan ci gaba da kwana da ido ɗaya, ina ɓoye ashana, ina leƙa taga duk lokacin da na ji an tayar da inji.

Gavin ya zo a ƙarshen mako, ya sauka daga jirgin sama a Adelaide ya yi hayar mota ya tuƙo, zai koma ranar Lahadi da yamma. Wallahi tun da ya shigo Clarrie ya warke. Ya gasa nama, ya ba da labarin kifin da ya kama shekarun baya, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sunan matar Gavin ya ɓace masa, sai ya riƙa cewa "uwargidanka," Gavin yana dariya yana ɗauka tsokana ce. Ranar Lahadi da safe Clarrie ya ce a fita teku da jirgi.

Ɗan jirgi ne mai filafili, wato ƙyallen da iska ke turawa, da ɗan ɗaki a gaba wanda mutum biyu za su kwanta in suna shiri. Clarrie ya saye shi a ruɓe ya gyara da hannunsa. A kan ruwa kuwa ranar, kai, na so in yi kuka don takaici. Yana riƙe da sandar tuƙi, idonsa a saman filafili, yana jin iska kafin ta iso. Bai yi kuskure ko na juyi ɗaya ba. Muka sha shayi daga filas, muka ci burodi da nama, Gavin ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce a hankali, "Mama, wannan ne mara lafiyar?"

Na ce, "Ci abincinka."

Akwai wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashin jirgin, wanda ake saukewa cikin ruwa don kada iska ta kifar da shi. Yana naɗewa ya shige cikin jirgin kamar wuƙar aljihu, shi ya sa a gidanmu wuƙa muke ce masa. Ana ɗaga ta da wani hannu da ake murzawa a ƙasan matakalar ɗaki. Muddin wuƙar tana ƙasa, jirgi ba zai zauna a tirelar da muke jansa da ita a bayan mota ba ko da dukan garin ne za su taru su ja. Kuma wannan hannun, ba mai taɓa shi sai Clarrie. Ni ina da nawa aikin, igiyoyi da naɗe filafili. Gavin yana yaro ya taɓa murza shi ya sha faɗan da har yau yake tunawa. Da zarar mun wuce jan sandan alama da ke bakin mashiga, Clarrie yakan miƙa min tuƙi ya sauka ya murza. Tun ina da baƙin gashi haka ake yi.

Muka sauke filafili, muka tayar da ɗan injin, muka iso jan sandan. Clarrie ya kalle shi. Ya ci gaba da kallonsa har muka wuce, hannunsa a kan tuƙi, yana ɗan murmushi. Gavin yana can gaba yana kwance igiya, ya ba mu baya.

Na buɗe baki, na rufe. Na ce a raina, to, ga shi nan. Bari ya gani. Ba sai na yi rantsuwa ba, ba sai na ce buta ko riga ba, jirgin da kansa zai faɗa masa. Na ci gaba da naɗe igiyata.

Gangaren simintin da ake fitar da jirage a cike yake, don masu kamun kifi duk sun dawo da cikar ruwa. Ga kuma 'yan benci. Kowane gari mai gangare yana da su: tsofaffi da kularsu ta giya, ba su da aiki sai kallon wanda zai kasa ribas, su ba shi maki. Clarrie kansa ya daɗe yana zama a bencin nan, kuma bakinsa ya fi na kowa kaifi. Babbansu yanzu Merv ne, wanda suka yi aikin rumbu tare.

"Ga Kyaftin nan!" in ji Merv. "Ku buɗe ido, yara, ku koyi aiki kyauta."

Clarrie ya ɗaga masa hula, ya hau ya ɗauko a-kori-kurarmu. Ya yi ribas da tirela ɗaya tak, ta shiga ruwa a miƙe, ruwa ya tsaya daidai inda ya saba. 'Yan benci suka tafa. Ya sauko ya ce wa Gavin, "Shiga ka zauna a sitiyari. In na ɗaga hannu ka ja a hankali, ban da wannan gudun naku na birni."

Gavin ya shiga mota. Ni ina tsaye a ruwa har gwiwa, riƙe da igiyar baya, don iskar yamma ta taso tana tura gindin jirgin gefe. Clarrie ya maƙala ƙugiya a goshin jirgi ya fara naɗe wayar ƙarfen da ke jan jirgi zuwa kan tirela. Jirgin ya taho, ya hau robar farko mai juyawa, ya ɗan matsa, sai muka ji ƙum! Ya tsaya, ya karkace hagu.

"Noelene, ja bayan nan! Kin bar iska ta ɗauke shi."

Na ja. Ya sassauta waya, ya tura jirgin baya, ya sake naɗewa. Ƙum. A wuri ɗaya.

"Yau kuma amarya ta ƙi shiga ɗaki," wani ya ce daga benci, aka kwashe da dariya.

Clarrie ya yi wa Gavin alama ya ƙara shiga ruwa. Tirela ta nutse, jirgin ya taso yana yawo a samanta, iska ta kwashe shi ya bugi ƙarfen gefe. Ya ce a fito kaɗan. Aka fito. Ya ce a koma. Duk wanda ya san jirgin nan, daga ƙarar farko zai ce wuƙa ce. Na tsaya ina jiran Gavin ya leƙo ya faɗa. Ya leƙo ɗin, ya ce, "Baba, anya tirelar nan ba ta lanƙwashe ba? Na ga tsatsa ta ci ta." Ko a mafarki bai kawo cewa ubansa zai manta wuƙa ba.

"Tirelata lafiyarta ƙalau. Kalli madubinka."

Ruwa ya fara janyewa, siminti mai gansakuka yana fitowa, ƙafata tana zamewa. Layin motoci ya yi tsawo a bayanmu. Wani mai jan kwale-kwalen alminiyam, baƙo ne daga birni, ya danna hon ya ce, "Dattijo, yau za mu tafi ko sai gobe? Ƙanƙarar kifina tana narkewa!"

Clarrie bai kula shi ba. Ya tattara ƙarfinsa ya kama hannun naɗi da hannu biyu. Wayar ta miƙe tana kuka, goshin jirgi ya ɗaga sama, wani abu ya yi ƙara a ƙasa. Na taɓa ganin abin da irin wannan waya take yi wa fuskar mutum in ta tsinke. Na ce, "Clarrie, bari!" Merv ma ya miƙe daga benci ya ce, "Kai, sassauta, za ka kashe kanka!"

Ya sassauta. Jirgin ya koma baya. Ya cire ƙugiyar daga goshin jirgi, ban san dalili ba, ya riƙe ta a hannu. Sai ya tsaya.

Abin da na kira ɗana ya gani ke nan. Mijina yana tsaye a ruwa har cinya, wandonsa a jiƙe, yana juya ƙugiya a hannu kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ya kalli jirgin, ya kalli tirela, ya kalli motocin da ke jira. Bakinsa yana motsi ba magana. Daga nan ya juyo yana nemana cikin mutane, da ya same ni ya tsayar da ido a kaina. Tsoro ne a fuskarsa, tsoro zalla. Ban taɓa ganinsa haka a waje ba, sai a cikin gida in mu biyu ne.

Na kalli mota. Gavin yana zaune ya ba mu ƙeya, kansa a sunkuye. Waya yake dubawa.

Da na kira sunansa da ƙarfi, da shi ke nan. Zai fito, ya ga ubansa, ya tambaye shi me ake ciki, uban ya kasa amsa. Amma ba Gavin kaɗai zai gani ba. Dariyar benci ta riga ta mutu, kuma shirun ya fi dariyar muni. Merv ya cire takalmi ya fara gangarowa, idonsa a kan ƙasan jirgin. Mai hon ya fito daga motarsa da waya a hannu yana nufo mu. Kafin dare duk mashayar garin za ta san cewa Clarrie Pasco ya tsaya a gangare bai san me ƙugiya take yi ba. Mutumin nan ya koya wa rabin garin tuƙa jirgi.

Na kasa. Allah ya sani na yi niyya, amma na kasa.

Na wurga wa Merv igiyar na ce, "Riƙe min." Na kama ƙarfen gefen jirgi na ɗaga ƙafa, na zame, na sake, gwiwata ta goge da jini, na faɗa ciki kamar buhu. Na rarrafa ƙasan matakala na kama hannun da ban taɓa kamawa ba. Ashe nauyi ne da shi haka. Na murza da hannu biyu, kafaɗata tana ƙara, yana tak, tak, tak, kowa a gangaren yana ji. Na yi ta murzawa ina zagin jirgin, ina zagin teku, ina zagin kaina, har na ji wuƙar ta shige gidanta.

Na fito da kai, na ɗaga murya yadda har Gavin zai ji ta tagar mota.

"Ni ce! Wuƙa ce, ni ce! Tun a jan sanda ya ce in ɗaga, hankalina ya tafi kan igiya na manta. Ku yi haƙuri, jama'a."

Benci ya fashe da dariya, kowa ya samu sauƙi. "Noelene, sifiri muka ba ki!" "Kyaftin, ka sallami ma'aikaciyar nan, ka ɗauki sabuwa!" Mai hon ya girgiza kai ya ce wani abu a kan mata da jirgi, ya koma motarsa.

Na ga Clarrie ya dawo cikin jikinsa. Ya kalli ƙugiyar, ya gane ta, ya maƙala ta. Sannan ya ɗago ya nuna ni da yatsa.

"Sau nawa zan faɗa miki, Noelene? Sau nawa? Abu ɗaya na ce ki yi! Kin tsayar da mutane, kin kusa karya min jirgi, kin mai da ni abin dariya a gaban yara."

Ba wasan kwaikwayo yake ba. Ya yarda. A ransa ya ce min in ɗaga, na ƙi. Na ce, "Yi haƙuri." Ya naɗe waya, jirgin ya sulale kan robobi sumul, a tsakiya daidai, goshinsa ya zauna a robar gaba kamar ba a taɓa yin komai ba. Ya ɗaga hannu, Gavin ya ja, muka fito, ruwa yana zuba daga tirela, ni ina zaune a cikin jirgi a sama kowa yana kallona.

Merv ne ya miƙo min hannu na sauko a filin ajiye motoci. Bai yi dariya da sauran ba. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Tun yaushe ya fara barinki ki taɓa hannun nan?"

Na ce, "Merv, je ka sha giyarka."

Sai ya tafi.

Muka kwantar da dogon sandan filafili, muka fara ɗaure jirgi. Clarrie yana zagayawa yana jan kowane ɗauri yana yin fito da baki. Da ya tafi famfo janyo tiyon wanke gishiri, na ja Gavin bayan mota.

"Ƙarya na yi."

"Wace ƙarya?"

"Bai ce min in ɗaga ba. Shi ya manta. Ina kallonsa ya wuce sandan, na yi shiru don ka gani. Ya tsaya a ruwa da ƙugiya a hannu bai san inda yake ba, kai kuma kana danna waya."

Gavin ya kalle ni. Da ma faɗa ya yi min, da ya fi. Tausayi ne a idonsa.

"Mama, da kunnena na ji ki."

"Na ce maka ƙarya na yi! Yaushe ubanka ya taɓa barin wani ya ɗaga wuƙa? Kai ba ka tuna faɗan da ya yi maka ba?"

"Wannan ai tun ina yaro. Yanzu kafaɗarsa tana ciwo, ba abin mamaki ba ne ya sa ki." Ya dafa ni. "Kin ga ribas ɗin da ya yi? Ni da ƙuruciyata ba zan iya ba. Kin gan shi a ruwa. Mama, mutumin da kike faɗa min a waya ban gan shi ba."

"To tambayi Merv."

"In je in tambayi 'yan giya ko ubana ya haukace? Haba." Ya shafa ƙeya. "Ban so in faɗa ba. Jiya Baba ya ja ni gefe. Ya ce kina ɓoye abubuwa ki manta inda kika sa, ashana, makulli, har magungunansa. Ya ce kina tashi cikin dare kina zagaye gida. Ya damu da ke sosai, Mama."

Duk gaskiya ne, ina ɓoyewa, ina zagayawa. Na fara cewa ai saboda shi ne, na ji yadda maganar take fita, da sauri, murya tana rawa, gashina a hargitse, jini yana bin ƙwaurina. Ko ni ce a wurin Gavin da ban yarda da matar nan ba.

"Ki je ki ga likita, don Allah," ya ce. "Ba don komai ba, a duba ki kawai. Baba zai kai ki."

"Baba zai kai ni."

"Eh. Kuma ki rage damuwa. Za mu zo da yara hutun Kirsimeti, in an sami dama."

Ya duba agogo. Hanyar Adelaide da nisa, kuma jakarsa tana cikin motar haya tun safe. Ya rungume ni, ya ce in wanke ciwon nan kada ya yi ruwa. Ya je ya rungumi ubansa, suka daddaki bayan juna. Na ji yana cewa, "Ka kula min da ita." Clarrie ya ce, "Ka bar min, ai na saba." Suka yi dariya tare. Motar hayar ta fita daga filin, ya fito da hannu ta taga yana ɗagawa har ya sha kwana.

Na ce wa Clarrie ya ba ni makulli in tuƙa, ya gaji. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ke? Bayan abin da kika yi yau?" Ya shiga ya tayar da mota. Na zagaya na shiga gefe, na ɗaura bel. 'Yan benci suka ɗaga mana gwangwanayensu da muka wuce.

Yana tuƙi a nutse, yana duba jirgi a madubi, yana ta mita a kan wuƙar, wai gobe sai ya kwanta ƙarƙashi ya ga ko na lanƙwasa masa ƙusa. Na ce to. Muka wuce shagon kifi, muka wuce filin ƙwallo, muka iso inda hanyar bakin teku ta haɗu da babban titi. Ya tsaya. Ba mota ko ɗaya, dama ko hagu. Inji yana ta aiki, shi kuma ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Mitar ta tsaya.

Wayata tana kan cinyata. Gavin bai yi nisa ba, ko rumbunan alkama bai wuce ba tukuna. Na kalle ta, ban ɗauka ba. Me zan ce masa wanda ban riga na faɗa ba?

"Noelene," Clarrie ya ce, bai kalle ni ba, muryarsa ƙarama. "Ina za mu?"

"Gida."

Ya gyaɗa kai. Bai motsa ba.

Na ce, "Hagu, Clarrie. Sa sigina."